Tambaya da Amsa: Kayan Gyaran Tsohon Agogo, Yadda Ake Gane Gangariya Kafin a Tura Kuɗi

Wasiƙun wannan watan yawancinsu daga Legas suka fito, kuma kusan duk kuka ɗaya suke yi: tsohon agogo ya samu matsala, an zaga Idumota da Balogun ba a samu kayansa ba, sai ga shi an gani a intanet. Ga amsoshin masu gyaran agogon da ke kula da wannan fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini agogon Seiko 5 da ya sayo a Makka shekarar da ya sauke farali. Injin yana aiki, amma ruwa ya taɓa shiga, fuskar ta yi dabbare-dabbare, ranakun mako ma da kyar ake karanta su. Na ga wani a Instagram yana sayar da fuskar Seiko 5 sabuwa fil, ya ce ta asali ce daga Japan. A bayan agogona akwai 6309. Yaya zan gane ko gaskiya ya faɗa?
Wani mai karatu daga Agege

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Malam, ajiye hoton mai sayarwa tukuna, ka juya agogonka ka karanta murfin baya, domin rabin amsar tana hannunka.

Za ka ga lambobi iri biyu. Ta farko kashi biyu ce da ɗan layi a tsakani. Huɗun farko, wato 6309 ɗin da ka gani, sunan injin ne, huɗun da ke biye kuma lambar gidan agogon ce. Ta biyu lamba ce mai harafi shida. Harafin farko shi ne ƙarshen shekarar da aka ƙera agogon, na biyu kuma wata: 1 zuwa 9 daga Janairu zuwa Satumba, O ko sifili Oktoba, N Nuwamba, D Disamba. Injin 6309 an yi shi tsakanin 1976 da 1988, saboda haka idan lambarka ta fara da 3N, agogon na Nuwamban 1983 ne. Rubuta duka biyun a takarda.

Yanzu ka nemi mai sayarwa ya ɗauko maka hoton ƙasan fuskar, daidai wajen ƙarfe shida. Seiko na buga wani ɗan mitsitsin rubutu a nan, wanda ke ɗauke da lambar injin da aka yi fuskar dominsa. Dole ka ga 6309. Idan ka ga 7009 ko 7S26, fuskar tana iya zama ta Seiko ta gaskiya, amma ta wani agogo ce daban, ba za ta zauna a naka ba. Idan kuma babu rubutun sam, ko haruffan sun yi kauri sun manne da juna, bugun bayan fage ne. Duba kuma adadin duwatsun da aka rubuta. Injin 6309 duwatsu 17 gare shi. Fuskar da ta ce 6309 a ƙasa, sannan ta ce duwatsu 21 a tsakiya, ta ƙaryata kanta.

Akwai wata alama da masu buga jabu ke yawan tuntuɓe a kanta. A wancan zamanin Seiko na da masana'antu biyu, Suwa da Daini, kowace da ɗan tambarinta da ake sawa a fuska da murfin baya. Na Suwa kamar ɗan murɗaɗɗen zagaye yake, na Daini kamar walƙiya. Injin 6309 na Suwa ne. Ka ga walƙiya a fuskar da aka ce ta 6309 ce, to ka san an yi aure tsakanin abin da bai dace ba.

Sai bayan fuskar, wanda masu sayarwa ba sa son ɗauka sai an matsa. Fuska tana da 'yan ƙafafu biyu na ƙarfe da ke shiga ramukan inji su riƙe ta. Wurin zaman ƙafafun ya danganta da injin, ya kuma danganta da inda kan wani yake, wato maɓallin da ake murɗawa a gefe. Da yawa daga Seiko 5 na lokacin suna da shi wajen ƙarfe huɗu, wasu a ƙarfe uku. Fuskar mai ƙarfe uku idan aka ɗora ta a gidan mai ƙarfe huɗu, sha biyunta zai karkace. Abin da wasu ke yi sai su yanke ƙafafun su liƙa fuskar da gam. Wata biyu ko uku a zafin Legas gam ɗin ya saki, fuska ta goce, ta danne faifan kwanan wata, ko hannun awa ya riƙa gugarta. Duk fuskar da ba ta da ƙafa, ko aka ga tabon dalma inda aka sake dasa su, ka bar ta.

Faifan ranakun mako shi ma haka yake: na mai ƙarfe uku daban, na mai ƙarfe huɗu daban, in aka musanya sai rana ta tsaya rabi a taga rabi a ɓoye. Tunda daga Makka agogon ya fito, da alama faifansa mai Turanci da Larabci ne. Ka faɗi wannan tun farko, kada a aiko maka mai Turanci da Sifaniyanci.

Maganar "sabuwa fil" kuwa, a yi hattara. Akwai kasuwa babba ta fuskokin Seiko, Citizen da HMT da ake sake fentawa, da yawa daga Indiya suke fitowa, launinsu shar, kore da ja da ruwan lemo, alhali kamfanin bai taɓa fitar da irin wannan launi a wannan lamba ba. Idan mutum yana da fuskar agogon shekara arba'in guda ashirin, kowace launi ka zaɓa, to bugawa ake yi. Kama da wane ba ta wane.

Shawararmu gare ka biyu ce. Ko dai ka nemi matacce, wato wani Seiko mai lamba takwas ɗin nan iri ɗaya da naka wanda injinsa ya mutu amma fuskarsa lafiya, ka cire fuska da faifai, ragowar kuma ya zama maka ajiya. Ko kuma ka bar fuskar Baba yadda take, a wanke inji, a canza faifan ranaku da robar murfi kawai. Mu da za a bi ta tamu, ta biyun muka fi so. Wannan fuskar ita Baba ya riƙa duba lokacin sallah a kanta, kuma kada kowa ya ce zai goge maka ita da fetur ko sinadari, rubutun ne zai bi auduga.

TAMBAYA: Ina sana'ar canji a Allen. Rado ɗina Diastar mai kwanan wata da rana ya tsaya, mai gyara ya ce tsatsa ta cinye injin, sai dai a sake wani. Na samu wani a eBay, an rubuta Rado ɓaro-ɓaro a kan faifan da ke juyawa. Wannan bai isa shaida ba?
Wani Alhaji daga Ikeja

AMSA: Bai isa ba, Alhaji. Wannan faifan, wanda masu gyara ke kira rota, sukuru ɗaya ne ke riƙe da shi a tsakiya. Cikin minti biyu za a cire shi daga matacciyar Rado a ɗaura wa injin da bai taɓa ganin Suwizalan ba. Rota riga ce kawai.

Rado ba ya ƙera injin waɗannan agogunan da kansa. Tun fitowar Diastar a 1962 injinan wasu kamfanonin Suwizalan yake sawa, tsofaffin na AS ko ETA, na baya-bayan nan na ETA. Duba murfin bayanku. Idan lambar ta fara da 636, kamar 636.0313.3 da ta yi yawa a hannun mutanenmu, injin ETA 2836 ne a ciki. Faɗinsa milimita 25.6, kaurin 2836-2 kuma milimita 5.05. Ƙaninsa 2824-2 faɗinsu ɗaya amma kaurinsa 4.6 ne kuma ba shi da ranakun mako, don haka sandar wani, wato sandar da ke haɗa maɓallin gefe da inji, ba za ta yi daidai da ramin gida ba. Masu sayarwa kan haɗa su a talla ɗaya kamar abu guda ne.

Inda ake duba sunan inji na gaskiya shi ne ƙarƙashin balans, wato ƙaramar ƙafar nan da ke kai da komowa kamar bugun zuciya. A kan farantin da ke ƙasanta akwai tambarin ETA cikin 'yar garkuwa, da lambar injin a gefensa. Ku ce a ɗauko muku hoton wurin kusa-kusa. A tsohon inji hatimi ne aka buga ya nutsa cikin ƙarfe, gefen haruffan sumul. Na kwaikwayo sau da yawa zane ne sama-sama, fari-fari, kamar an ƙona shi da haske, wani lokaci ma a karkace. Ku kuma duba launi: idan farantin ƙasa ruwan zinare ne, gadojin sama kuma farare, daga injina biyu ko uku aka tattaro su. Kawunan sukurori da suka ciccije suna nuna hannaye da yawa sun shiga, kuma ba duka ne na ƙwararru ba.

Sai ku nemi bidiyo. A ja kan wani har ƙarshe, hannun sakan ya kamata ya tsaya cak a 2836-2. A mayar da shi matakin tsakiya, murɗawa gefe guda ta canza kwanan wata, ɗaya gefen ta canza rana. Wannan gwajin kada a yi shi hannuwa suna tsakanin tara na dare da uku na asuba, lokacin haƙoran canjin kwana suna riƙe da faifai, ana iya karya su. Sannan a ɗora injin a na'urar auna bugun agogo, wadda duk mai sayar da inji da gaske yake da ita. Lambobi uku za ku karanta. Bugu ya zama 28,800 a awa, wato takwas a sakan. Injinan da aka fi cusa wa Rado na jabu 21,600 suke yi, shida a sakan, nan take asiri ke tonuwa. Lilon balans, idan an cika wani kuma fuska na kallon sama, ya kai digiri 250 ko fiye. Ƙasa da 200 yana nufin mai ya bushe ko wani abu ya ci, ku sa kuɗin wanki a lissafi. Bambancin bugun hagu da dama kada ya wuce milisakan ɗaya. A juya injin a tsaye a sake aunawa, domin inji mai lanƙwasasshen ƙarfen balans kan yi kyau a kwance, ya birkice a tsaye.

Za ku ci karo da Sellita SW220 a tallace-tallace. Shi ma na Suwizalan ne, tsarinsa ɗaya da 2836-2, inji ne mai kyau. Seagull da wasu kamfanonin Sin suna yin irin wannan tsari, wasunsu suna aiki ba laifi. Wanda ya sayar muku da su da sunansu a farashinsu bai cuce ku ba, sai dai agogon ya tashi daga Rado cikakke, kuma ranar sayarwa sai an faɗa.

Tunda tsatsa ce ta kashe na farko, a gano ta inda ruwa ya shiga kafin a sa sabo. Yawanci robar cikin kan wani ce ko ta murfin baya. In ba a canza su ba, damina ɗaya ta ishi sabon injin.

TAMBAYA: Omega na maigidana gilashinsa ya tsage, babban sifirin da ake murɗawa in za a yi wa agogo wani kuma ya tsinke. Mai gyara ya ce zai sa waɗanda ba na kamfanin ba. Ni kuma na ga na asali a intanet da tsada. Wanne zan bi?
Wata Hajiya daga Idi-Araba

AMSA: Hajiya, a kan sifirin ku bi mai gyaranku. Sifirin, roba da mai kaya ne masu ƙarewa, kamar taya a mota. Kamfanoni irin Generale Ressorts suna yin sifirin ingantacce, abin da ake bukata shi ne awo uku su dace: faɗi, kauri da tsawo, sannan a san na agogo mai wani da hannu ne ko na mai yi wa kansa wani, don ƙarshensu ya bambanta. Kauri ya fi komai muhimmanci. Ƙari kaɗan sai ƙarfi ya yi yawa, balans ya riƙa dukan iyakarsa, agogo ya yi ta gudu. Roba kuwa sabuwa ta yau ta fi "ta asali" da ta shekara talatin a leda, don ta riga ta bushe.

Gilashi ne ke da magana. Tsofaffin Omega masu gilashin roba suna da ɗan tambarin kamfanin a tsakiyar gilashin, ƙanƙane ƙwarai, sai an karkata shi a haske da madubin ido ake ganinsa. Ku nemi hoton wannan, da hoton ledarsa mai lamba, sannan mai gyara ya buɗe murfin baya ya karanto lambar gidan da ke rubuce a ciki, a tabbatar gilashin na wannan gida ne. Tun ƙarshen 2015 kamfanin Swatch, mai Omega da Rado da Longines da ETA, ya daina sayar wa dillalai masu zaman kansu kayan gyara, shi ya sa na asali ya yi tsada, jabu mai tambari kuma ya yawaita. Idan kuɗin ya yi nauyi, gilashin Sternkreuz na Jamus ba shi da tambari amma yana zama daram. A auna bakin gidan da kalifa, wato ma'aunin faɗi na masu gyara, har zuwa kashi ɗaya cikin goma na milimita, kada a yi ƙiyasi da ido. Tsohon kuma a ba ku abinku ku ajiye. Da a ce ƙarzuwa ce kawai ba tsagewa ba, da gogewa za a yi ya dawo garau.

TAMBAYA: Ina harkar gwal a Yaba, nakan kuma sayi tsofaffin agoguna. Na samu Rolex Datejust 1601 da fuskarsa ta lalace. Wani a WhatsApp yana da fuska da hannuwa, ya ce na zamanin ne, har ya nuna mini suna haske rangaɗau a duhu. Farashin ya yi sauƙi. In saya?
Wani ɗan kasuwa daga Yaba

AMSA: Ɗan'uwa, hasken nan da ya nuna maka don ya burge ka, shi ne shaida a kansa.

Datejust 1601 na shekarun 1960 ne zuwa ƙarshen shekarun 1970. Hodar hasken da Rolex ke sawa a mafi yawan wannan zamani mai tiritiyom ce, wato sinadarin da ke sa ta haske da kanta, shi ya sa za ka ga T SWISS T ko makamancinsa a ƙasan fuska. Tiritiyom rabin ƙarfinsa ke tafiya duk shekara 12 da 'yan watanni. Bayan shekara hamsin abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, ba ya iya haska komai. Sai wajen 1998 kamfanin ya koma sabuwar hoda mai shan haske ta riƙe. Saboda haka fuskar da ke da T kuma take ci kamar fitila tsawon dare, ko dai an sake mata hoda, ko dukkanta sabon bugu ce. Gwajin yana da sauƙi, kuma kayan aikinsa yana teburin kowane ɗan canji: tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗi da ita. A haska fuska da hannuwa tare, a kashe. Tsohuwar hoda takan ɗan amsa ta mutu cikin 'yan sakanni, sabuwa ta ci gaba da haske. Fuska da hannuwan da suka tsufa tare launinsu kan zo kusa, ruwan madara ko ruwan ƙwai, kuma su amsa tocila iri ɗaya. Hannuwa farare tas a kan ɗigo masu ruwan ƙasa ba tare suka taso ba.

Wannan bai nufin lallai jabu ba ne. Akwai fuska da hannuwan da kamfanin da kansa ke sawa idan an kai masa gyara bayan shekaru. Na Rolex ne na gaskiya, amma ba na zamanin agogon ba, kuma masu tara tsofaffin agoguna ba sa biyansu kuɗi ɗaya da na farko. Mataki uku ke nan: na asali na zamanin, na asali na canji, da jabu. Ka tambayi mai kaya wanne yake sayarwa, ya rubuta maka a saƙo.

Fuskar da aka sake fentawa kuwa ana kama ta da madubi mai ƙara girma sau goma. Bugun kamfani siriri ne, kowane harafi da kaifinsa, ɗigon mintuna tsawonsu ɗaya kuma kowane na biyar ya faɗa daidai kan sandar awa. A wadda aka sake, fenti kan hau gindin sandunan awa da na tambarin kambin Rolex, haruffa su kumbura, SWISS na ƙasa ya goce daga tsakiyar ƙarfe shida. A gefen faifan wani lokaci akwai 'yar tsaga da mai fenti ya yi da zarto don ya daidaita bugunsa. A baya kuma, sandunan awa na asali da 'yan ƙusoshinsu suke ratsa faifan, idan ka ga gam an taɓa cire su.

Ko ta tsallake duk wannan, sai ta dace da injin. Fuskar 1601 gefenta a karye yake kamar bakin faranti, an yi ta ne don injin 1570 da danginsa. Daga 1977 aka shigo da injin 3035 a 16013 da 16014, fuskarsu shimfiɗaɗɗiya ce, ƙafafunta a wani wuri daban. Faɗin agogon ɗaya ne, milimita 36, amma ba sa musanya.

Ka tuna Rolex ba ya sayar da fuska a kanta kamar batir. Duk wadda ke yawo a kasuwa daga jikin wani agogo ta fito ko daga tsohuwar ajiyar mai gyara, don haka tambayar "ina ka samo ta" tana da wurin zama. Fuskokin da aka jera wa duwatsu masu ƙyalli a waje kuma suna rage darajar agogo, ko da lu'ulu'un na gaske ne. Idan ka sa wani abu da ba na zamanin ba, ka faɗa wa mai saye da bakinka. Hadisin da Muslim ya ruwaito a kan algus bai ware agogo ba.

Gargaɗi guda ga duk mai taɓa agogunan da suka girmi 1960: hodarsu tana iya zama mai radiyom, wanda ke daina haske amma gubarsa tana nan ɗaruruwan shekaru. Kada a kankare ta, kada a hura ta da baki, a wanke hannu bayan an taɓa.

TAMBAYA: Na tura wa wani kuɗin sarƙar agogo da na gani a intanet, daga ranar lambarsa ba ta shiga. Yanzu ina son sayen wata. Ta yaya zan kare kaina?
Wani matashi daga Mile 12

AMSA: Allah ya mayar maka da alheri, ƙanenmu. Cinikin biri a sama ka yi, kuma hanyar sauko da shi ƙasa ba ta da wuya.

Fara da tabbatar da cewa kayan yana hannunsa. Ka sa hoton tallar a Google Lens. Idan ya fito a shafin wani ɗan kasuwa a Jamus ko Japan, sato shi aka yi. Sannan ka ce ya rubuta kwanan watan yau da wata kalma da kai ka zaɓa a takarda, ya ajiye kayan a kai ya ɗauka. In agogo ne cikakke, ka ce ya saita hannuwa a lokacin da ka ambata, misali huɗu da minti ashirin da biyar. Mai kaya na gaske minti biyar ya ishe shi. Wanda ya fara cewa kayan na sito, ko wani na shirin biya yanzu ka yi sauri, ka rufe maganar.

Sarƙa tana da nata lambobin, a cikin maƙulli da kuma bayan 'yan ƙarafan da ke haɗa ta da gidan agogo. Ka nemi hotonsu. Ka auna tsakanin ƙahonnin agogonka, domin 18, 19 da 20 milimita duk suna nan, kuma 19 ta yi yawa a tsofaffin Seiko. Ka ce a riƙe sarƙar a kwance ta gefe a ɗauki hoto, yawan lanƙwasarta ƙasa shi ne yawan cin da ƙusoshinta suka yi. Ka ƙirga gaɓoɓinta, don gajeriyar sarƙa neman ƙarin gaɓa ɗaya kan zama wani sabon ciniki.

In mai kayan a Legas yake, kamar yawancin na Jiji, kada ka ba da kafin alƙalami ko kuɗin ɗan aike. Ku haɗu da rana a teburin mai gyaran da kai ka zaɓa, a gwada a jikin agogon, sannan ka tura kuɗi, kuma sunan asusun ya zama na wanda ke tsaye gabanka. In daga waje ne, ka biya ta cikin shafin, kada ka yarda a ja ka gefe don ragi. eBay na ba da kwana 30 bayan isowar kaya a kai ƙorafi, PayPal kwana 180 daga biya idan kaya bai iso ba, amma banda kuɗin da aka tura ta hanyar 'yan'uwa da abokai. Ga wani tarko da ke kama mutanen Legas: idan ka sa adireshin kamfanin jigila a Amurka ko Ingila don su ƙaraso maka da kaya, kariyar eBay ba ta bin kayan da wani ya sake turawa. Ka sa wanda ya karɓa a can ya buɗe ya ɗauko hotuna kafin ya ɗora a jirgi. Ranar da ƙunshi ya iso, ka ɗauki bidiyon buɗe shi tun daga takardar adireshi ba tare da yankewa ba.

Kuɗin da ya tafi kuwa, ka je bankinka da shaidar tiransifa da hotunan hirarku, ka shigar da ƙorafi a rubuce, da wuri ya fi. Akwai kuma sashen 'yan sanda na musamman kan zamba a titin Milverton da ke Ikoyi, da ofishin EFCC.

TAMBAYA: Ina koyon gyaran agogo. Na sayi balans da aka ce tsohuwar ajiya ce da ba a taɓa amfani da ita ba. Na ɗaura, agogo yana tafiya, amma lokacin ya yi nisa da daidai. Jabu aka ba ni?
Wani almajirin sana'a daga Obalende

AMSA: Ba lallai ba. Auna yawan kuskuren, shi zai gaya maka cutar. Idan agogon yana baya da minti goma cif kowace awa, balans na mai bugu 18,000 aka ba ka, injinka kuma na 21,600 ne. Iyali ɗaya na inji kan fito da bugu daban-daban, kayan su yi kama a ido har su zauna a wuri ɗaya. Shi ya sa ba a yin oda da sunan agogo, sai da cikakkiyar lambar inji har da harafi ko lambar ƙarshe. Seiko 7S26A da 7S26B ma balans ɗinsu ya bambanta, don an canza yadda ake riƙe bakin siririn sifirin, wato mai kama da gashi da ke naɗe a jikin balans. A injinan Suwizalan ka haɗa da lambar kayan: 721 balans cikakke, 723 ƙarfen tsakiyarsa kaɗai, 401 sandar wani.

Idan kuma gudu yake, minti da yawa a yini ba tsari, duba siririn sifirin da madubi yana aiki. Zagayensa ya kamata su buɗe su rufe ba tare da sun taɓa juna ba. In suna mannewa, ko tsohon mai ne, sai a wanke, ko maganaɗisu ya kama shi a hanya. Kusanto da shi ga kamfas, in allurar ta motsa sosai ka bi da shi ta na'urar cire maganaɗisu, aikin sakan goma ne.

Wanda ba shi da magani shi ne tsatsa. Ɗigo ɗaya ja a kan siririn sifirin ya canza ƙarfinsa har abada, kuma "ba a taɓa amfani da shi ba" bai hana shi shan laima shekara arba'in a aljihun tebur. Nan gaba ka nemi hoton sifirin ɗin daga sama a ga zagayen sun yi daidai, da daga gefe a ga ya kwanta, da na tsinin ƙarfen sama da ƙasa a ga ba su karye ba. Kai ma a nan Obalende iskar teku ba za ta raga wa ajiyarka ba. Ka sa kayan ƙarfe a gwangwani mai rufuwa ruf tare da 'yan ƙunshin tsotse laima irin na cikin kwalin takalmi, ka riƙa canza su duk bayan 'yan watanni, kuma ka ɗauki balans da hantsaki, gumin yatsa kaɗai ya isa ya fara cinsa.